Madannan akwatin kyamarar ruwa sun cije: a kwance su ko a kai wa masu gyara?

Mai Hoton Murjani:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Na sayi akwatin kyamarar ruwa na hannu, wato wanda ake rufe kyamara a ciki don ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa, na alminiyom ne, jikinsa lafiya lau, babbar robar ƙofa ma sabuwa ce. Matsalar tana wajen madannai. Na baya in na danna sai su dawo a hankali. Akwai ɗaya da yake dawowa a tudu, amma da na yi zurfi sai ya shige ya zauna, kyamara ta daina amsa komai har sai na zaro shi da farce. Mamurɗin ƙofar haske, mai daidaita hasken da ke shiga kyamara, ya yi tauri ƙwarai, sai na sa yatsu biyu da ƙarfi. Mamurɗin zum, mai kusanto da hoto, shi ma yana cijewa wani lokaci. Wanda ya sayar mini ya ce ya daɗe a ajiye. In kwance su da kaina, ko akwai abin da ake yi tun daga waje?

Dattijon Nutso:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki taɓa sukundireba, ki yi mini abu biyu. Ki cire kyamarar, ki bar akwatin fanko, ki sake gwada kowane madanni da kowane mamurɗi. Duk wanda ya saki bayan fitar kyamara ba shi da laifi, zamanta ne bai daidaita ba. Sannan ki haska tocila a gindin kowane madanni daga waje, ki gaya mana abin da kika gani: ƙyalƙyalin gishiri ne, ko farin gari, ko yashi. Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwan da kika lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, kuma ba magani ɗaya zai yi musu ba.

Sabon Shiga:
Ranku ya daɗe, ni ma nawa yana yin haka, amma na filastik ne mai nuna ciki. An ce mini in fesa WD-40 a gindin madannan, tunda shi ake sa wa ƙarfen da ya cije. Ban yi ba tukuna. Ya dace?

Bakanike:
Kada ka kuskura, ƙanena, gara da ka tambaya. Irin akwatinka na folikabonet ne, kuma masu WD-40 da kansu sun sa folikabonet cikin abubuwan da ba a fesa wa. Sinadaransa daga man fetur suke, suna sa filastik ɗin ya yi ƙananan tsagogi, kuma galibi a bakin ramin madanni suke farawa, inda filastik ya riga ya wahala. Ba ranar za ka gani ba, sai an kwana biyu. Ikelite, masu yin akwatunan folikabonet, sun hana duk wani mai na feshi, saboda sinadarin da ke turo man daga gwangwani shi kansa yana tsaga filastik, ko da man silikon ne. Basilin ma ka ajiye shi, haka man keke, haka sifirit ɗin goge-goge a kan filastik mai nuna ciki. Ke ma Malama, ko da naki na ƙarfe ne, zobban robar da ke ciki ba sa son waɗannan mayukan, kuma tagar baya da kike kallon allo ta cikinta yawanci filastik ce.

Mai Hoton Murjani:
Baba, na yi yadda ka ce. Da babu kyamara, na zum yana juyawa sumul. Mamurɗin ƙofar haske kuwa yana nan da taurinsa, babu abin da ya ragu. A gindin yawancin madannan akwai farin abu mai ƙyalli da ɗan yashi. Wanda ke shigewa a zurfi nasa daban ne, farin gari ne mai laushi, yana manne wa yatsa.

Bakanike:
To, na zum ya fita daga lissafi. Ki duba zoben haƙoran da ake sa wa lens, wato gilashin gaban kyamara, ko bai zauna daidai ba, ko ya karkace gefe guda, ko kuma sukurun da ke ɗaure kyamara a kan farantinta bai ɗauru ba har tana ɗan juyawa. Milimita 1 ta isa ta sa haƙora su hau kan juna. Wannan gyaran zama ne kawai. Farin garin nan kuwa ban ji daɗinsa ba, amma mu bi a hankali, za mu dawo kansa.

Malamar Kimiyya:
Bari in sa baki kan madannin da ke dawowa a tudu ya ƙi dawowa a zurfi, don mutane da yawa suna ɗauka sifirin ne ya mutu, su je neman sabo, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Duk mita 10 na ruwan teku suna ƙara matsin kusan kilo 1 a kan kowane santimita murabba'i, cikin akwati kuwa iskar da aka rufe a tudu ce, ba ta ƙaruwa. Ɗauki sandar madanni mai kaurin milimita 4. Faɗin bakinta kusan kashi ɗaya cikin takwas na santimita murabba'i ne. A mita 40 ruwa yana tura ta ciki da ƙarfin kusan rabin kilo. Sifirin ɗin dole ya rinjayi wannan rabin kilon, ya kuma rinjayi gogar da ke tsakanin sanda da zoben roba. Masu ƙera akwati sun lissafa na farkon, shi ya sa suke rubuta iyakar zurfi a jiki, wani mita 40, wani 60, wani 100. Abin da ba za su iya lissafawa ba shi ne gishirin da zai taru daga baya. Da zarar goga ta ƙaru, a tudu sifirin yana da rarar ƙarfin da zai ture ta, a zurfi kuwa ruwa ya cinye rarar. Saboda haka a fara da tsabta kafin a zargi sifirin.

Matuƙin Jirgi:
Malama, ina da ja a nan. Kan madannin da muke dannawa ya fi santimita 1 faɗi. Ba shi ruwa ke turawa ba? In haka ne ai lissafinki ya yi kaɗan sosai.

Malamar Kimiyya:
Tambaya mai kyau, Malam. Kan madannin ruwa ne ke kewaye da shi, sama da ƙasa. Abin da ruwa ya tura ta sama, yana mayar da shi ta ƙarƙashi. Wurin da babu mai mayarwa shi ne daidai kaurin sandar da ta ratsa zoben roba ta shiga inda iska take. Shi ya sa ake yin sandunan sirara, kawunan kuma manya don mai safar hannu ya samu wurin dannawa.

Dattijon Nutso:
Madalla da wannan bayani. To 'yata, yanzu sai jiƙo, kuma jiƙo yana son haƙuri. Ki rufe akwatin fanko yadda za ki shiga ruwa da shi, da murfin gaba da duk matosansa. Ki nutsa shi cikin ruwan daɗi mai ɗumi, ɗumin da hannu zai zauna a ciki ba tare da damuwa ba, kada ya wuce digiri 40. Ki aza masa abu mai nauyi marar kaifi don kada ya taso. Ki bar shi sa'o'i, kina zuwa lokaci lokaci kina danna kowane madanni kina murɗa kowane mamurɗi a cikin ruwan, ba a waje ba. In ruwan ya huce ki sauya. Na sha ganin akwatin da aka yanke wa ƙauna ya saki bayan ya kwana a ruwa. Ni nakan ƙara ruwan khal kaɗan ga masu taurin kai.

Bakanike:
Baba, na yarda da jiƙon, amma khal ɗin nan ban yarda a zuba wa akwatin alminiyom gaba ɗaya ba. Rufin kariyar da ke jikin alminiyom siriri ne, kuma duk inda ya riga ya kwarzane, tsami zai samu ƙofa. Wasu ƙananan sassan kuma tagulla ce aka lulluɓe, ita ma ba ta son daɗewa a tsami. In an ciro sanda da sifirin, a jiƙa su su kaɗai na 'yan mintuna, babu laifi.

Dattijon Nutso:
Ai ban ce a kwana da shi a ciki ba. Na surka shi da ruwa, na ɗiga a gindin madanni da sirinji, mintuna kaɗan, na ɗauraye sosai. Shekaru ina haka ban ga ɓarna ba.

Malamar Kimiyya:
Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, domin abin da teku ke bari in ya bushe ba iri ɗaya ba ne. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35. Mafi yawansa irin na yau da kullum ne, shi kuwa ruwa zalla ya ishe shi, lita guda tana narkar da kusan giram 360. Ɗumi ba ya ƙara yawan da zai narke sosai, sauri kawai yake ƙarawa. Amma akwai ɗan alli da ke fita tun farkon bushewa, wanda ruwa ba ya narkar da shi cikin sauƙi, shi ne khal ke ci. Khal na kasuwa tsaminsa kusan kashi 5 cikin 100 ne. Saboda haka a fara da ruwa, don shi ke kwashe mafi yawa. In an ga saura mai tauri, sai a yi irin ta Baba a wurin kaɗai. Akwai kuma gishirin magnesiyom a cikin ragowar, wanda ke jawo danshi daga iska. Akwatin da aka ajiye ba a ɗauraye ba, a ido ya bushe, amma ƙarƙashin madannai a jiƙe yake da ruwan gishiri mai kauri tsawon watanni. Ina tsoron abin da ya samu madannin mai farin gari ke nan.

Mai Hoton Murjani:
Na gode muku duka. Ga labarin jiƙo. Yawancin madannan baya sun saki, suna dawowa da ƙarfinsu, har ana jin ƙarar. Na ga yashi a ƙasan bahon. Biyu sun rage: mai farin garin, da wani a kusa da shi. Mamurɗin ƙofar haske kuwa ko gezau. Ina ganin an zo wurin da na tambaya tun farko.

Dattijon Nutso:
An zo, kuma amsata ita ce ki kai shi wurin masu gyaran da kamfanin ya amince da su. Ga dalilina. Ba ki san shekarun zobban nan ba. Duk rana ɗaya aka sa su, in ɗaya ya mutu sauran suna kan hanya. Masu gyara za su sauya su duka, sannan su sa akwatin a tukunyar matsi su gwada shi har iyakar zurfinsa. Ke ba ki da wannan tukunyar. Zoben da ya ɗan tsinke wajen mayarwa ba ya nuna kansa a kan tebur. Abin da ke cikin akwatin kuma ya fi kuɗin gyaran nesa ba kusa ba, ga hotunan tafiyar da ba za a maimaita ba.

Bakanike:
Baba, da girmanka, ina ganin ana tsorata mutane fiye da kima. Madanni ba injin agogo ba ne. Sanda ce, da sifirin, da washa, da zoben roba ɗaya ko biyu, da ɗan kilif mai siffar E a ciki. Wanda ke nesa da masu gyara, ko madanni ya cije masa a tsakiyar tafiya, dole ya san cikinsa. Mai Hoton Murjani, in kin yanke shawarar buɗewa, ga yadda nake yi.

Kada ki fara sai sababbin zobba da kilif suna hannunki, na kamfanin akwatin, daidai samfurinsa. Ki shimfiɗa farin tawul a wuri mai haske marar iska. Madanni ɗaya za ki kwance, ki gama da shi, sannan ki taɓa na gaba, domin sandunan tsawonsu ba ɗaya ba ne ko da sun yi kama a ido. Ki ɗauki hoto da waya a kowane mataki.

Daga ciki, ki zare 'yar hular robar da ke bakin sanda in akwai. Ki danna madannin daga waje ki riƙe, kilif ɗin zai rabu da bango. Ki tura shi gefe da ƙaramar sukundireba mai faɗin baki, amma hannunki da wajen aikin su kasance cikin leda mai nuna ciki, don kilif yana tsalle, in ya tafi ba a ganinsa. Ki saki madannin a hankali, zai fito waje da sifirin ɗinsa. Ki jera komai a kan tawul yadda ya fito. Zoben robar yakan maƙale a ramin. Da tsinken itace ko na filastik za ki ciro shi, ba da allura ba, ba da bakin wuƙa ba. Kwarzane ɗaya a bangon ramin ya zama hanyar ruwa har abada.

Ki goge ramin da tsinke mai kan soso. Na auduga yana barin zare, zare ɗaya kuwa a ƙarƙashin zobe ya isa. Sandar ki wanke ta, ki bi ta da farce: in farce ya tsaya a wani wuri daidai inda zobe ke gogawa, ta gama aiki. Ki mirgina ta a gefen gilashi, kan madannin yana rataye a waje. In tana rawa, ta lanƙwashe, wataƙila an taɓa buga akwatin, kuma miƙe ta da filaya ba ya yi, sai sabuwa.

Giris kaɗan ake sawa, daidai yadda zobe zai yi sheƙi. Ba giris ke tare ruwa ba, roba ce ke tarewa. Aikinsa ya sa ta zame ba tare da ta tsage ba. In ya yi yawa yashi yake kamawa, yashi da giris kuwa in sun haɗu sanfefa suke zama ga sandar. Wajen mayarwa ki ɗan juya sandar tana shiga, kada bakin tsagin kilif ya yanki zoben. Ki sa sabon kilif, ki ji ya yi ƙas, ki ga yana juyawa a tsaginsa, sannan ki ja madannin daga waje da ƙarfi.

Sabon Shiga:
Oga, me ya sa sai sabon kilif? Tsohon ai ƙarfe ne.

Bakanike:
Yana buɗewa kaɗan duk lokacin da aka cire shi. Ka kuma lura da inda haɗarin yake. A zurfi ruwa na tura madanni ciki, ko babu kilif zai iya zama. Da ka taso kusa da sama, matsi ya ragu, sifirin sai ya harba madannin waje, ya bar maka rami a buɗe. Abin da ke tsakanin kyamararka da teku a wannan lokacin ɗan kilif ɗin nan ne.

Dattijon Nutso:
Bayanin ya yi kyau, ba na musu. Amma ka ga yawan wuraren da ka ce "kada". Kowane ɗaya wuri ne da sabon hannu zai iya zamewa. Kuma mamurɗi ba kamar madanni ba ne, akwai haƙora a ciki, akwai ƙananan sukurori na alanki da wasu ake ɗaure su da gam. Abin da na fi tsoro shi ne mutum ya rasa zoben kamfani ya sayi mai kama da shi da ido.

Bakanike:
A wannan muna tare, Baba. Zobe awo biyu gare shi, faɗin ciki da kaurin jiki, ga kuma tauri, wanda yawanci 70 ne a ma'aunin Shore. Akwai jerin awo na inci da ake kira AS568, akwai na milimita, kuma wani na can da wani na nan bambancinsu bai kai rabin milimita ba. Mai kauri kaɗan zai sa mamurɗi ya cije, siriri kaɗan zai yi yoyo. Auna tsohon zobe ma ba ya ba da gaskiya, don ya riga ya baje ko ya kumbura.

Mai Kula da Zaure:
Muhawarar tana da amfani, mun gode. Tunatarwa ɗaya ga masu karatu: wanda akwatinsa ke cikin garanti ya duba takardarsa kafin ya cire ko kilif ɗaya.

Mai Hoton Murjani:
Baba, ka yi haƙuri, na bi ta Oga Bakanike, don nawa ba shi da garanti kuma na samu kayan kamfanin. Amma na riƙe maganarka, ban taɓa waɗanda suka saki ba. Madanni na farko yashi ne kawai da busasshen giris, zoben ya baje gefe guda. Na sauya, yanzu lafiya. Mamurɗin ne ya ba ni mamaki. Zobbansa biyu sun yi laushi, sun kumbura, da na aza ɗaya kusa da sabo bambancin a fili yake. Akwai wani mai rawaya a wurin mai warin man inji. Na wanke komai, na sa sababbi da giris ɗin da ya zo cikin kayan, yanzu yatsa ɗaya ke juya shi. Sai mai farin garin. Sandar ta fito da ƙyar. Bayan na goge ramin na haska, na ga bangonsa ba sumul ba ne, akwai ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura, kuma baƙin rufin ya tashi a wurin.

Malamar Kimiyya:
Na mamurɗin a bayyane yake: an ɗiga masa man da bai dace ba don ya saki, ya saki na ɗan lokaci, robar ta sha man ta kumbura, ya koma ya fi da tauri. Wannan jiƙo ba zai taɓa gyara shi ba, kuma zoben da ya kumbura ba a mayar da shi. Kowace roba da man da take sha. Zoben robar naitiril yana zaman lafiya da giris ɗin silikon. Zoben silikon kuwa giris ɗin silikon na kumbura shi, haka man fetur da danginsa. Launi ba hujja ba ne, kowane kamfani da yadda yake rina nasa. Wanda bai tabbatar da irin robarsa ba, ko dai ya tsaya kan giris ɗin kamfaninsa, ko ya nemi mai sinadarin fulorin irin Tribolube 71 ko Christo-Lube, waɗanda ba sa kumbura ko wanne cikin biyun. A goge tsohon giris tas kafin a sa wani iri.

Ramukan kuwa cin ƙarfe ne. Sandar ƙarfe ce marar tsatsa, jikin akwati alminiyom, ruwan gishiri ya zauna a tsakaninsu. Ƙarafa biyu mabambanta a cikin ruwan gishiri ƙaramin batir ne, kuma alminiyom ne ke narkewa. Farin garin da kika gani alminiyom ɗin ne da ya ci, ya kuma fi ƙarfen da ya fito daga gare shi girma, shi ya sa ya shaƙe sandar.

Bakanike:
Mai Hoton Murjani, tsaya nan. Kada ki sa sanfefa a ramin, kada ki cike shi da gam. Tambaya ɗaya: ramukan suna daidai inda zobe ke zama, ko sun fi kusa da waje, wajen sifirin?

Mai Hoton Murjani:
Yawancinsu wajen sifirin suke, amma biyu ko uku sun shiga inda zobe ke zama.

Bakanike:
To wannan ya fi ƙarfin tebur. Sabon zobe ba zai rufe rami a bango ba. Yana iya riƙewa yau ya saki gobe. A nan na koma bayan Baba, ki kai shi. Su za su duba ko ramin zai gyaru ko sai an sauya ƙofar bayan gaba ɗaya.

Matuƙin Jirgi:
Amma Oga, in tana da famfon zuƙe iska daga cikin akwati don gano yoyo, ba sai ta gwada ba? In fitilar gwajin ta tsaya kore, alamar babu yoyo, ai shi ke nan.

Malamar Kimiyya:
Gwajin zuƙe iska abu ne mai kyau, amma a san iyakarsa. Iskar da ake zuƙewa daidai take da zurfin mita 2 zuwa 3 kawai. Yana kama gashin da ya gitta babbar roba, yana kama ƙofar da ba ta rufu ba. Madanni kuwa yoyonsa sau da yawa sai yana motsi. Duk wanda ya taɓa zoben madanni, ya zuƙe iskar, ya danna komai ya murɗa komai sau da yawa, ya bar shi ya daɗe, sannan ya duba fitilar. Ko ta tsaya kore, saura gwajin ruwa.

Dattijon Nutso:
Gwajin ruwa kuwa babu kyamara a ciki. A sa farin tishu a ƙasan akwati, da dalma mai laushi a naɗe cikin tsumma don kada ya yi ta jan mutum sama ko ta fasa gilashi. A fara da baho, ana kallo. Sannan a sauka da shi zurfin da aka saba, a danna kowane madanni a can, a sake dannawa a mita 5 wajen tsayawar ƙarshe kafin a fito saman ruwa, domin a ruwa marar zurfi matsi bai isa ya danne zobe a mazauninsa ba, yoyo da yawa a nan yake fitowa. In an fito a goge jikin akwatin ya bushe kafin a buɗe, in ba haka ba ɗigon ƙofa zai jiƙa tishun a rasa gane gaskiya. Sabon Shiga, kai ma wannan ya shafe ka.

Sabon Shiga:
Na ji, Baba. Nawa sun saki da jiƙo, sai ɗaya da ke ɗan jinkiri. Dole sai na kwance shi?

Bakanike:
Ba dole ba. Ka bar shi ya bushe a inuwa. Ka danna shi har ƙarshe, sandar za ta leƙo ta ciki. Ka shafa mata giris ɗin kamfaninka kaɗan da bakin tsinke, a gindi kusa da bango, ka saki, ka yi ta dannawa kana juya kan madannin. Giris ɗin zai bi sandar ya kai ga zobe. Ka goge abin da ya rage. Kada ka hura masa iskar silinda kai tsaye, tana tura yashi ciki maimakon ta fitar.

Matuƙin Jirgi:
Tunda an zo ɗauraya, ga abin da nake gani a jirgi kullum. Mutum ya tsoma akwati a bahon ɗauraya ya fitar nan take, ya aza a rana. Wani kuma ya jefa ya tafi, akwatuna suna gwaruwa da juna. Duka biyun ba daidai ba ne. Ka riƙe naka a hannu, ka danna komai a cikin ruwan. In babu ruwan daɗi a kusa, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul har ka kai inda yake, kada gishirin ya samu damar bushewa.

Mai Hoton Murjani:
Na yanke shawara zan aika shi, ba zan shiga ruwa da shi ba ko fanko. Oga, in mayar da madannin ko in aika a kwance? Kuma akwai abin da zan ce su duba?

Bakanike:
Ki aika a kwance, sassansa a 'yar leda daban, tare da kumburarrun zobban nan. Ki rubuta musu waɗanda kika buɗe da giris ɗin da kika sa, ki ce an taɓa ɗiga wa akwatin man inji, don su duba sauran mamurɗan. Ki ce su kwance sukurorin hannuwa da na ƙasa, su ma ƙarfe marar tsatsa ne a cikin alminiyom, abin da ya ci ramin madanni yana iya cin su. Sannan ki juya akwatin ki duba ƙasansa. Wasu suna da ɗan guntun tutiya da aka ɗaure da sukuru, aikinsa ya ci a madadin alminiyom. In ya cinye ko babu shi a gurbinsa, su sa sabo. Dole ya taɓa ƙarfen akwatin kai tsaye, ba a shafa masa fenti, ba a sa giris a ƙarƙashinsa.